Hankali Ke Gani, Ido Gululu Ne

Akwai wata magana da na sha ji daga bakin direbobinmu, tun daga masu jigila tsakanin Kano da Kaduna har zuwa matuƙa adaidaita sahu na cikin gari. Duk lokacin da fasinja ya yi ƙarfin hali ya roƙi direba ya ajiye waya, amsar ba ta cika sauyawa ba: "Haba Alhaji, kwantar da hankalinka. Shekarata ashirin ina bin hanyar nan, hannuna ya san ta." Mai wannan magana ba da gangan yake ƙarya ba. Abin da yake ji a jikinsa ke nan: sitiyari na juyawa, ƙafa na taɓa birki, giya na shiga, duk ba tare da ya tsaya shawara da zuciyarsa ba. Sai dai hannu bai san hanya ba, bai ma san komai ba. Ba ya motsi sai da umarni, umarnin daga ƙwaƙwalwa yake fitowa, ita kuwa ƙwaƙwalwa a kulle take cikin duhun ƙoƙon kai, ba ta da labarin titi sai wanda ido ya kai mata. Shi ya sa a wannan mako nake so mu ɗan jingine siyasa, mu duba abin da masana suka gano game da yadda gani da tunani ke jan ragamar motsin jiki. Zance ne na ɗakin bincike, amma ƙarshensa a kan kwalta yake, inda ake lissafi da rayuka.

Bahaushe ya daɗe da yanke hukunci a kan wannan batu, da ya ce hankali ke gani, ido gululu ne. Cikin waɗanda suka fara tsayar wa irin wannan magana hujja ta ilimi akwai Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra a wajejen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira a wajejen 1040. A littafinsa Kitabul Manazir ya rushe tsohon ra'ayin nan da ke cewa wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓo abin da ake kallo. Ya tabbatar da cewa haske ne ke tasowa daga abubuwa ya shiga ido, ya kuma ƙara da cewa abin da ido ke karɓa kai tsaye bai wuce haske da launi ba. Gane cewa wancan abu doki ne, ga nisansa, ga inda ya dosa, hukunci ne da hankali ke yankewa cikin saurin da mutum ba ya ma lura ya yanke shi.

Bayan kimanin shekara 800, masanin nan Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya sake ɗauko wannan zance. Shi ne kuma a wajejen 1850 ya auna saurin da saƙo ke gudu a jijiyar kwaɗo, ya tarar kimanin mita 30 ne a daƙiƙa guda, wato sakan ɗaya. Kafin nan masana da yawa na ganin gudun saƙon jijiya ya fi ƙarfin awo. Tun daga lokacin aka san cewa tsakanin gani da motsi akwai tazara, kuma duk mai rai da wannan tazara yake rayuwa.

Ga yadda tafiyar take. Haske ya sauka a kan wani tantani da ke shimfiɗe a bayan ƙwayar ido, a nan ake mayar da shi saƙon lantarki. Saƙon ya bi jijiyar gani, wadda ke ɗauke da zare fiye da miliyan ɗaya a kowane ido, ya ya da zango a tsakiyar ƙwaƙwalwa, sannan ya isa can ƙeya, inda sashen gani yake. Daga ƙeya ya sake yo gaba zuwa sassan da ke tsara motsi, har ya kai ga wani ziri da ya ratsa saman ƙwaƙwalwa daga gefe zuwa gefe, wanda ke aika wa tsoka umarni ta cikin lakar baya. A 1870 wasu likitoci biyu a Jamus, Fritsch da Hitzig, suka taɓa wannan wuri da ɗan lantarki a ƙwaƙwalwar kare, sai ƙafar ɗaya ɓarin jikin ta motsa, domin jijiyoyin suna gittawa a gindin ƙwaƙwalwa: ɓangaren hagu ke mulkin dama, na dama ke mulkin hagu. Duk wannan zagaye, daga fitila ta haska zuwa yatsa ya danna maɓalli, yana cin kimanin rubu'in daƙiƙa ga lafiyayyen matashin da ya zauna yana jiran fitilar. Direban da abu ya faɗo wa gaba ba zato yakan ɗauki daƙiƙa ɗaya ko fiye kafin ƙafarsa ta kai ga birki.

Jiki da hasashe yake tafiya

Da a ce sai mun gama gani sannan mu motsa, da wuya a sami mai tsaron ragar da zai tare bugun fenariti. Tazarar mita 11 ce, ƙwallon da aka buga da ƙarfi kuma takan isa raga cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Lokacin bai isa a gani, a yanke shawara, a yi tsalle zuwa kusurwa ba. Gwanin mai tsaron raga yana karanta ƙugun mai bugu da ƙafar da ya dasa a ƙasa, ya tashi tun ƙwallo ba ta bar ƙafa ba. Haka matan da ke lugude a turmi ɗaya: wannan ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, ta sauke a daidai lokacin da ta 'yar'uwarta ta fita daga turmi. Babu wadda ke jiran ta ga taɓarya ta sauko kafin ta buɗe hannu. Ƙwaƙwalwarta ta riga ta lissafa inda taɓaryar za ta kasance, ta aika hannu ya jira ta a can.

Kowa ya taɓa kama wannan hasashe yana kuskure. Ka sunkuya ka ɗaga jarkar da kake zaton cike take da ruwa, ashe babu komai a ciki, sai hannunka ya yi sama da ita kamar zai jefar. Ka sauko daga bene cikin duhu, kana zaton saura matakala ɗaya, sai ƙafarka ta daki ƙasa da ƙarfi. A duka biyun ƙwaƙwalwa ta auna ƙarfin da za ta ba tsoka ne bisa abin da take tsammani, tun kafin jiki ya taɓa komai.

Aikin ido shi ne ciyar da wannan hasashe, don haka kullum shi ke gaba. Michael Land na Jami'ar Sussex a Ingila ya ɗaura wa mutane wata na'ura mai nuna inda ƙwayar ido ta sauka, ya sa su haɗa shayi a kicin. Sakamakon da shi da abokan aikinsa suka fitar a 1999 ya nuna ido na isa ga buta ko kofi kimanin rabin daƙiƙa kafin hannu ya fara aiki a kansa, kuma sau da yawa yakan wuce zuwa abu na gaba tun hannu bai gama da na farko ba. Tun a 1994 shi da David Lee sun yi irin wannan gwaji da direbobi a hanya mai kwane-kwane, suka ga idon direba na komawa kan gefen kwana na ciki daƙiƙa ɗaya zuwa biyu kafin mota ta shiga kwanar. Ke nan abin da hannu ke yi yanzu, da guzurin da ido ya ba shi ɗazu yake yin sa.

A nan sirrin ruɗin direba yake. Idan ya sunkuyar da kai ga waya, mota ba ta kaucewa nan take, saboda hannu na cin ragowar guzurin da aka bar masa. Ya ɗago ya tarar komai lafiya, ya ƙara yarda cewa ya iya. Ya yi haka sau ɗari, sau dubu, kullum titi na dacewa da hasashensa. Ranar da yaro ya ɓullo daga bayan motar da ke ajiye, ko akuya ta gitta, ko tirela ta lalace a tsakiyar hanya babu alama, ranar ce hasashe zai ce hanya a buɗe take, babu kuma idon da zai ƙaryata shi.

Darasi daga majinyata biyu

Da yawa daga abin da aka sani game da wannan al'amari daga marasa lafiya aka koye shi. Akwai wata mata 'yar Birtaniya da littattafan likitanci ke sakaya sunanta da harufa biyu, D.F. A 1988 ta shaƙi gubar hayaƙi daga na'urar dafa ruwan wanka, irin gubar nan marar wari da ke fita daga janareto tana kashe iyalai a cikin barci. Ta rayu, amma wani sashe na ƙwaƙwalwarta ya lalace, ta daina gane siffar abubuwa. Masu bincike biyu, Melvyn Goodale da David Milner, suka ajiye mata wani faifai mai tsaga irin ta akwatin gidan waya, suna jujjuya shi. Idan aka tambaye ta yadda tsagar take, a tsaye ko a kwance, sai ta yi ta canki-canka. Amma da an ba ta kati an ce ta zura, sai hannunta ya juya daidai, katin ya shige. Daga nan suka fito da bayaninsu a 1992, cewa saƙon ido yakan rabu gida biyu bayan ya isa ƙeya. Hanya ɗaya ta gangara ta gefen kai, ita ke gaya maka mene ne wannan. Ɗayar ta haura ta saman kai, ita ke gaya wa hannu yadda zai kama shi. Ta farkon ce ta lalace wa D.F., ta biyun tana nan.

Wani zai ce to ai ga shi nan, jiki na da ganinsa na daban da ba ya buƙatar hankali. Haka ne, amma wannan gani ba shi da rumbu. Da aka nuna wa D.F. abu, aka kawar da shi, aka ce ta jira daƙiƙa biyu kacal sannan ta kwatanta yadda za ta ɗauke shi, sai gwanintar yatsunta ta ɓace. Ganin da ke tuƙa hannu na yanzu-yanzu ne, sai ido na kan abu yake aiki.

Labarin Ian Waterman ya nuna ɗaya fuskar. Matashi ne mai sana'ar fawa a tsibirin Jersey da ke tsakanin Ingila da Faransa. A 1971, yana ɗan shekara 19, wata cuta ta lalata jijiyoyin da ke sanar da ƙwaƙwalwarsa inda gaɓoɓinsa suke, daga wuya zuwa ƙasa. Rufe idonka ka taɓa hancinka: wannan ji da ya kai yatsanka wurin, shi Waterman ya rasa. Tsokarsa lafiya lau, amma ya kwanta kamar wanda aka zare wa laka, domin ƙwaƙwalwa ba ta san inda ƙafar da za ta ba umarni take ba. Sannu a hankali ya koya wa kansa zama da tsayuwa da tafiya ta hanyar zuba wa gaɓoɓinsa ido da tsara kowane taku a zuci. Idan wuta ta ɗauke ba zato, a nan zai zube. Idan hankalinsa ya tafi wani wuri yana cikin tafiya, haka. Abin da muke samu kyauta, shi da kuɗin hankali yake sayensa kowace daƙiƙa.

Yadda ake zama gwani

To ta ina ido da hannu suka san juna? Ba a haihuwar mutum da wannan sani cikakke, da aiki ake gina shi. A 1963 Richard Held da Alan Hein a Amurka suka reni 'ya'yan kyanwa a cikin duhu, suna fito da su bibbiyu zuwa wani keji mai juyawa. Ɗaya na tafiya da ƙafarta, tafiyarta kuma ita ke jan ɗayar da ke zaune a cikin ɗan kwando. Abin da suka gani iri ɗaya ne. Amma da aka gwada su, mai tafiya ta san ta miƙa ƙafa idan aka kusanto da ita bakin tebur, ta san ta kauce wa rami. Ta cikin kwando kuwa ba ta san ko ɗaya ba, sai bayan da aka sake ta ta yi yawo da kanta a cikin haske. Maƙera da masaƙa da masu ɗinkin hula ba su karanta wannan bincike ba, amma babu wanda a cikinsu ke yaye yaronsa da kallo kawai. Ina ganin iyaye ma ya kamata su tuna da kyanwar kwando duk lokacin da suka miƙa wa ɗan shekara uku waya don ya yi shiru. Carafke da langa da 'yar gala-gala makaranta ce ta ido da gaɓoɓi.

Babban wurin da ake wannan saiti shi ne ƙaramar ƙwaƙwalwa, wadda ke maƙale a ƙasan ƙeya. Nauyinta kimanin kashi 10 cikin 100 ne na ƙwaƙwalwa, amma daga ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 da ke cikin kan mutum, wajen biliyan 69 a cikinta suke. Aikinta shi ne gwada abin da aka nufa da abin da ya faru, ta gyara na gaba. Idan aka sa wa mutum tabarau mai karkatar da gani gefe guda aka ce ya jefi wani abu, jifan farko zai kauce. Bayan ya yi ta maimaitawa sai ya fara samu. A cire tabarau, sai jifansa ya riƙa kaucewa ta ɗaya gefen na ɗan lokaci, alamar cewa an sake saita ma'aunin a ciki. Waɗanda ƙaramar ƙwaƙwalwarsu ta sami rauni ba sa iya wannan gyara yadda ya kamata.

Don haka direban shekara ashirin yana da rabin gaskiya. Maimaici ya sauke masa nauyin tunanin giya da kuloci, abin da ɗan koyo ke zufa a kansa shi ba ya ma jin ya yi. Amma abin da sabo ke iya ɗauka shi ne abin da ke maimaituwa. Yaron da zai tsallaka titi gobe da ƙarfe huɗu bai taɓa tsallakawa a gabansa ba, sabo bai tanade shi ba. Amfanin gwaninta shi ne ta 'yantar da hankali domin ya tsaya gadin abin da ba a zata ba. Wanda ya ɗauki wannan rarar hankali ya ba waya, ya mayar da kansa ƙasa da ɗan koyo, domin ɗan koyo aƙalla tsoro na sa shi kallon hanya.

Ƙarfin tunani

Shi ma hankalin da karin maganar ta ɗaukaka an gwada ƙarfinsa a kan jiki. A 1995 Alvaro Pascual-Leone da abokan aikinsa suka ba da rahoton wani gwaji, inda suka koya wa mutane ɗan kiɗan piyano na yatsu biyar. Rukuni ɗaya suka riƙa kaɗawa awa biyu kullum har kwana biyar. Rukuni na biyu suka zauna gaban piyano tsawon wannan lokaci suna kaɗawa a zuci, yatsu ba su motsa ba. Da aka auna, filin da yatsun ke da shi a zirin nan mai ba da umarnin motsi ya faɗaɗa a duka rukunin biyu, ko da yake masu kaɗawa da hannu sun fi iyawa. Ashe raya motsi a zuci ma wani irin atisaye ne.

Wannan albishir ne a gare mu, domin hawan jini ya sa shanyewar ɓarin jiki ta zama ruwan dare a gidajenmu. Sau da yawa akan kwantar da majinyaci a ɗaki, a ce iska ce ta buge shi ko jifa aka yi masa, a yi ta shafe-shafe a hannun da ya mutu, alhali matsalar ba a hannun take ba, jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ɗaya ɓangaren ƙwaƙwalwa. Abu na farko shi ne a garzaya asibiti a cikin awannin farko. Na biyu, a fara atisayen gaɓoɓi da wuri a hannun likitocin fisiyo, domin ƙwaƙwalwa na iya buɗe sababbin hanyoyi idan ana neman ta da aiki. Cikin dabarunsu akwai ta madubi, wadda V. S. Ramachandran ya ɓullo da ita a shekarun 1990 don waɗanda aka yanke wa hannu, aka kuma gwada ta ga masu shanyewar jiki a 1999. Ana tsayar da madubi a tsakanin hannuwa biyu, a ɓoye mai ciwon a bayansa, majinyaci ya riƙa motsa mai lafiyar yana kallon hotonsa, sai ido ya gaya wa ƙwaƙwalwa cewa hannun da ya shanye yana motsi. Ba kowa ke warkewa sarai ba, madubi kuma ƙari ne a kan sauran atisaye, amma kayan aikin yana rataye a kusan kowane ɗaki.

Taura biyu ba ta taunuwa

Sai dai hankalin nan mai wannan ƙarfi guda ɗaya ne, ba ya rabuwa biyu cikin sauƙi. A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris na Jami'ar Harvard suka nuna wa mutane ɗan bidiyo na matasa suna miƙa wa juna ƙwallon kwando, suka ce a ƙirga sau nawa rukuni ɗaya suka miƙa. Ana cikin haka wata mata sanye da shigar goggon biri ta ratsa ta tsakiyarsu ta wuce. Kusan rabin masu kallo ba su gan ta ba. Idonsu a buɗe yake, hoton ya sauka a kan tantanin ido, amma hankali na wurin ƙirge. David Strayer na Jami'ar Utah ya sami irin wannan ga direbobin da ke hira ta waya a na'urar kwaikwayon tuƙi: idonsu kan sauka a kan allon gefen hanya, daga baya su kasa tuna sun gan shi, birkinsu kuma yakan makara, ko da wayar ba a hannu take ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya ya fi wanda ba ya yi fuskantar haɗari kusan ninki huɗu, kuma sa abin ji a kunne bai rage haɗarin da wani abin kirki ba. Hira da fasinjan gefe ta sha bamban, domin shi yana ganin hanyar, yakan yi shiru ko ya ce "kula!" idan ta rikice. Wanda ke ɗaya ƙarshen waya bai san kana shirin wuce tirela ba.

Lissafin ba ya buƙatar masani. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa huɗu na karanta saƙon WhatsApp sun haura mita 110, wato fiye da tsawon filin ƙwallon ƙafa, da mutum 18 a cikin bas, babu mai kallon gaba. Adaidaita sahu mai gudun kilomita 40 yana cin mita 11 a daƙiƙa, kuma a gaban makarantar firamare mita 11 ta isa ta raba uwa da ɗanta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a, kuma haɗarin hanya ne babban abin da ke kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya.

Ban ce waya ce kaɗai ke kashe mu a hanya ba. Akwai ramuka, akwai tsofaffin tayoyi, akwai gudun wuce sa'a da lodin wuce kima, akwai direban da ya kwana biyu bai runtsa ba. Na kuma san waya ta zama jarin direba: da ita yake samun fasinja da saƙo, da ita yake kiran na gabansa ya ji ko hanya lafiya, a zamanin da tsayawa a gefen daji ma wani haɗari ne. Duk wannan gaskiya ne. Amma lalacewar hanya hujja ce a kan mai waya, domin hasashe ya fi dacewa a titin da komai ke bisa tsari. A titin da rami ke iya buɗewa bayan ruwan dare ɗaya, inda babur ke fitowa ta hannun da ba nasa ba, hasashe na saurin tsufa, ido kuma ba shi da hutu. Kiran da ya zama dole, yaron mota ko fasinjan gaba na iya amsawa.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe da sa amfani da waya yayin tuƙi cikin jerin laifuka. Amma jami'i ba ya cikin mota, tara kuma ba ta sauya abin da mutum ya yarda da shi game da kansa. Abin da nake ganin zai fi tasiri shi ne shugabannin tasha da makarantun koyon tuƙi su riƙa yi wa direbobi wannan bayani da Hausa, da lissafin mita da daƙiƙa, a kuma yi gwajin ido na gaske kafin a ba da lasisi ko a sabunta shi. Direbobinmu mutane ne masu kaifin basira, wanda ya iya gane ciwon inji daga ƙararsa ba zai kasa gane wannan ba. Mu fasinjoji kuma mu rage kunyar da ke sa mu yi gum muna salati a zuci. "Malam direba, don Allah kawo wayar in riƙe maka" ta isa ba tare da faɗa ba, idan mutum biyu suka mara wa mai faɗinta baya maimakon su ce ya cika tsoro. Kuma kafin mu nuna wa direba yatsa, kowannenmu ya tuna yadda yake tsallaka titi da ƙafa, kai a sunkuye, babban yatsa na kan waya.